Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Lacca Ga Sababbin Mafarauta

 

Sarkin Dawa, ranka ya daɗe. Sarkin Baka, Allah ya ja kwana. Iyayena maharba da ke zaune a sahun gaba, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, domin yawancin abin da zan faɗa yau kun san shi tun ina goye. Malamai, ma'aikatan gandun daji, da ku samari da kuka cika bayan rumfa har kuna leƙe ta kan kafaɗar juna, barkanmu da war haka.

An ce in yi wa yaran da suka shigo wannan sana'a bara da bana magana a kan inda za su sami wurin farauta, da yadda za su raba shekararsu don kada ta ƙare musu a wata ɗaya. Ni ɗan maharbi ne, daga baya kuma na yi aikin gandun daji har na ajiye. Wato na taɓa zama mai bin zomo, na kuma taɓa zama mai bin mai bin zomo. Duk wanda ya ji maganata ta yi kama da ta malamin daji, ya yi haƙuri. Wanda ya ji ta yi kama da ta ɗan farauta, shi ma ya yi haƙuri.

Kukan da nake ji daga bakin samari guda ɗaya ne: "Baba, daji ya ƙare." Ba zan ƙaryata ku ba. Wannan ƙasa tamu maharba ne suka sare ta. Mutanen Haɗeja suna ba da labarin cewa sunan garinsu ya fito daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Tarihin Kano ya ce Barbushe na Dala yana kashe giwa da sanda. Ko an ƙara wa labarin gishiri, ai sai da akwai giwar kafin a ƙara. Yau giwayen Nijeriya duka, daga Yankari har kurmin kudu, ana ƙiyasta su tsakanin 300 da 400. Zaki ya rage a wuri biyu kacal, Yankari da Kainji, kuma ba su kai 50 ba. Gauraka da kakanninmu ke gani a kowace fadama, yawancinku ba ku taɓa ganinta ba sai a hoto.

Bayan haka, dajin da ya rage ya kasu. Akwai wanda doka ta rufe: Yankari, da aka keɓe tun 1956, da Kainji, da Kamuku a Birnin Gwari, da Gashaka-Gumti, da Dagona a ƙasar Bade. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ƙara wasu dazuzzuka 10 cikin gandun daji na ƙasa, ciki har da Falgore ta Kano da Baturiya ta Jigawa. Wanda aka kama da makami a irin waɗannan wurare, kotu ce makomarsa, kuma ni da ke tsaye a nan na raka mutane kotun. Akwai kuma wanda tsoro ya rufe: Rugu, Kuyambana, Sububu, Sambisa. Wannan ba sai na yi bayani ba, kowa a rumfar nan ya san wani da ya shiga bai fito ba.

To, me ya saura? Gonaki bayan an kwashe amfani, saurukan da aka bari su huta, fadamu, bakin koguna, lambunan rake da shinkafa, gindin duwatsu, da kwaruruwan da garma ba ta shiga. Ku lura da kyau: duk waɗannan wurare kowanne da mai shi. Zamanin da maharbi zai rataya kwari ya nausa inda babu mai tambayarsa ya wuce. Saboda haka wanda ke neman wurin farauta a yau, mutane yake nema. Yawan mutanen da suka yarda da kai, shi ne faɗin dajinka.

Bari in ba ku labarin shekarata ta farko. Mu huɗu ne, da karnuka shida, kuma ba mu san komai ba sai zomo. Akwai wata saura mai yawan sabara da geza gabas da garinmu. Asabar ta farko muka tashi zomaye har muka rasa wanda za mu bi. Asabar ta biyu muka samo biyu. Ta uku muka dawo da ƙaya a ƙafa. Ta huɗu, da haushi ya kama mu, sai muka cinna wa saurar wuta, iska ta kwashe ta zuwa inda wani bawan Allah ya jibge karan dawarsa da harawar wake. Mahaifina ne ya biya, ni kuwa bayana ne ya biya. Da ya huce sai ya tambaye ni, wata nawa ne a shekara? Na ce goma sha biyu. Ya ce to kai ka cinye taka a Asabar huɗu, sauran sai ka zauna ka yi ta kallon karnuka suna cin tuwo.

Kwana kaɗan bayan haka ya ɗauke ni muka je wajen wani mai lambun rake a bakin kogi. Ban ga ya ɗauki bindiga ba, goro ya ƙulle a leda. Aka gaisa, aka yi hirar ruwa da farashin taki, can sai mai lambun da kansa ya fara kukan gyazbi, yadda yake yanke masa rake daga gindi ya bar shi a zube. Mahaifina ya ce, ga yaro nan, in ka yarda ya riƙa zuwa. Shekara uku ina farauta a lambun nan ni kaɗai, har da shayi ake ba ni. Daga wajensa na san maƙwabcinsa mai shinkafa, daga mai shinkafa na san wani Ardo da ya nuna mini inda zabin daji ke kwana. A nan na gane abin da Bahaushe ke nufi da ya ce da ɗan gari akan ci gari.

Don haka, ɗana, idan ka ji labarin wani wuri mai nama, kada ranar farko a gan ka da karnuka. Je ka kai kaɗai, ko da babba. Fara da mai unguwa ko dagaci, ka faɗi sunanka da na ubanka da na maigidanka a sana'a. Nemi Sarkin Dawan wurin, domin shi ya san inda ake shiga da inda ba a shiga, da ranar da mutanen garin suke tasu fitar. Sa'an nan ka sami mai gonar. Tambaye shi abin da ke yi masa ɓarna, domin manomi ya fi saurin buɗe ƙofa ga mai rage masa asara. In ka samu, a ba mai wuri rabonsa, ko cinya ɗaya ce. In karenka ya kama akuyar mutane, kada ka jira a biyo ka, kai ka je ka faɗa ka biya. Ka rufe shingen da ka buɗe. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne lasisin da ba a rubutawa, kuma ya fi na ofis wuyar sabuntawa idan ya lalace.

Kada kuma ku raina masu ba da labari. Makiyayi yana kwana a daji, ya san mashayar da gada ke zuwa. Mata masu itace sun san inda makwarwa ke tashi. Masunci ya san ranar da kirinjijiya ta sauka. Har direban tarakta ya san gonar da gafiya ta haƙa. Yawancin samarinmu da makiyaya ba su haɗuwa sai wajen rigima, alhali kuwa gaisuwa da ƙwaryar nono ɗaya da za ka saya a ruga sun isa su ba ka abin da yawon wata guda ba zai ba ka ba.

Yanzu mu zo kan shekara. Ni daga damina nake fara lissafi, kuma na san za ku ce ai damina ba a farauta. Dalilin ke nan. Kakanninmu suna rufe daji, shi ya sa suke da bikin buɗe shi. Har yanzu a Massalata, kusa da Birnin Ƙonni a Nijar, ana yin buɗin daji bayan an gama kaka. Ba a buɗe abin da ba a rufe ba. Ku dubi Argungu: kogin Matan Fada ana hana su a cikinsa har sai ranar biki, shi ya sa ranar ake fito da manyan kifayen da duniya ke zuwa kallo. A Gana abin ma doka ce: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta, in ban da gyazbi, shi ma sai da takardar izini. 'Yan'uwanmu na zango a Kumasi da Tamale sun san wannan sarai.

Dalilin a fili yake. Da damina zabuwar daji take ƙwai, tana kwanci wajen kwana 26 zuwa 28. Wanda ya kwashe ƙwan a watan Yuli, ko ya harbe uwar a kan sheƙa, garken da zai bi a watan Janairu ne ya cinye. Gada ɗa ɗaya take haifa. In ka kashe mai ciki, biyu ka kashe, kuma babu mai mayar maka da su bana. Ga kuma amfanin gona a tsaye, kare ɗaya ya isa ya haɗa ka faɗa da unguwa guda.

Amma rufe daji ba zaman banza ba ne. Da damina ake koyon karatun sawu, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɓoye komai. Bi wani dattijo da sassafe bayan an ɗauke ruwa, ya nuna maka bambancin sawun gada da na ɗan akuya, da kashin zomo, da hanyar da gyazbi ya yanka a cikin ciyawa, da surin da makwarwa ke hawa tana kuka da asuba. Sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ka riƙa sa rana da wuri da abin da ka gani. Na san wasu za su yi dariya, maharbi da biro. Ku yi dariyarku. Littafin da na fara a shekarata ta biyu har yau yana cikin akwatina, kuma shi ya koya mini cewa zabin wani kwari suna sauya wurin kwana duk lokacin da aka yanke geron da ke kusa.

Da damina kuma ake horar da kwikwiyo, a kai karnuka wajen malamin dabbobi a yi musu allurar rigakafin haukan kare. Wannan allura kowace shekara ake maimaita ta. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum, sai dai a yi masa addu'a. A lokacin ne kuma ake gyaran takardu. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar toka, wadda muke kira harba-ka-ruga, lasisinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, mai baki biyu kuwa sai daga sufeto janar. Izinin farautar kansa yana wajen ma'aikatar da ke kula da gandun daji a jiharka, bisa dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, wasu suka yi mata gyara. Akwai kuma dokar tarayya ta 1985, da aka sabunta a 2016, mai kare dabbobin da ke dab da ƙarewa. Zaki, damisa, giwa, raƙumin dawa, ɗan kunya, ayu, kada, mesa, duk ku cire su daga lissafi. Ku je ofis ku ce a karanta muku jerin sunayen, kada ku dogara da "ai an ce". Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kaka in ta shigo, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin tsuntsu ne, kuma shi ne makarantar sabon shiga. Kurciya da hasbiya suna taruwa a masussuka da inda aka yanke gero. Da danƙo ma ana samu, kuma wanda ya iya laɓaɓa wa hasbiya ya fara iya farauta. A wuraren shinkafa da dawa na Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Barno akwai jan-baki, tsuntsun da ke zuwa kamar hadari ya share gona a yini ɗaya. Mai raga da ya iya kama su a wurin kwanansu, manoma har addu'a suke yi masa, kuma akwai kasuwar soyayyensu. Sai dai a tambaya tukuna: in jirgi ya yi feshi a wurin, kada a ci, kada a sayar, abin da aka fesa guba ce. Ku tuna kuma dawa da wake suna daɗewa a gona. Gonar da ba a kwashe ba, ko an ba ka izininta bara, bana sai ka sake tambaya.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne zuciyar shekara. Ciyawa ta kwanta, gonaki sun zama fili, sanyi yana barin kare ya yi gudu bai gaji ba. Nan ne zomo, nan ne zabo da makwarwa, nan ne farautar gayya da ganga da ƙaho da kirari. Ina son farautar gayya, jinina yana tashi in na ji kiɗan, amma zan faɗa wa sabon shiga gaskiya: a cikin taron mutum 200 ba ka koyon komai sai gudu da rantsuwa. Nama kaɗan, masu cewa nasu ne da yawa, kuma kun san yadda gardamar "karena ne ya fara kamawa" take ƙarewa idan kowa na riƙe da gora da barandami. Irin wannan ce ta sa mutanen gari suka daina bambanta ɗan farauta da ɗan daba, ta sa hukuma kan hana fitar baki ɗaya a wasu wurare. Je ka gayya sau biyu ko uku don zumunci da sanin manya, ka tsaya kusa da maigidanka, in gardama ta tashi ka bar naman. Sauran ranakun ka fita ku biyu ko uku.

A irin wannan fita ta mutum kaɗan ake koyon iska. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, saboda haka ka tsara tafiyarka iskar tana dukan fuskarka, kada ta kai wa nama warinka. A nan ake koyon haƙuri irin na masu burtu, waɗanda ke ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, su durƙusa suna tafiya suna sara ƙasa kamar mai kiwo, har su shiga tsakiyar nama bai ankara ba. Wannan fasaha tamu ce, Turawa sun zo sun ɗauki hotonta, mu kuwa muna barinta tana mutuwa tare da tsofaffi. Ranka ya daɗe Sarkin Baka, in akwai mai burtu ko ɗaya da ya rage a ƙasarka, a taimaka a haɗa shi da yara.

Sa'an nan kada ka nace wa wuri ɗaya kamar yadda na yi. In kana da wurare huɗu, zagaya su, kowanne ya huta mako uku kafin ka koma. In ka tashi garken zabi, ɗauki ɗaya ko biyu ka bar saura. Mako ɗaya zomo a saura, na gaba zabo a gindin dutse, na gaba fadama. A fadamun Haɗeja da Nguru akwai dinya da kirinjijiya da ɗimbin agwagin da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan su koma wajen Maris. Wajen iyakar wuraren da aka keɓe, da izinin masu wurin, ana samun rabo. Amma can sai da kwalekwale da masunci ɗan gari, kuma ka tabbata ka san inda iyakar ta tsaya, don ruwa ba ya nuna shinge.

Wuta kuwa, na riga na ba ku labarin bayana. Mai cinna wa daji wuta don ɓera uku ya ƙona abincin shanun makiyayi, ya ƙona maɓoyar naman da zai nema baɗi, ya kuma rufe wa duk mafarautan garinsu ƙofar da aka yi shekaru ana buɗewa. Haka mai zuba guba a mashaya. Haka mai fitilar goshi da ke harbin duk ido biyun da ya haska da dare. Na taɓa zuwa gaisuwar mutuwar wani yaro da abokin farautarsa ya ɗauka gada ce. Abin da ba ka ga jikinsa duka ba, kada ka ɗana masa kunama. Kada kuma ka cika wa bindigar toka albarushi fiye da ƙima don neman ƙara, ku dubi hannayen wasu dattawanmu ku ƙirga yatsu.

Bazara, Maris zuwa Mayu, ita ce lokacin da yawancin samari ke rataye gora su ce shekara ta ƙare. Ga wanda ya yi abota da masu noman rani, lokacin ne ma kasuwarsa ke ci: gyazbi a rake da shinkafa, gafiya a lambun rogo da dankali. Gyazbi yana haihuwar 'ya'ya wajen huɗu a ciki ɗaya, ga shi maɓarnaci, don haka shi ne naman da za ka ɗauka ba tare da ka ji kunyar kowa ba. Fita da asuba, ka dawo kafin rana ta take, domin zafin Afrilu yana kashe kare a tsaye. Abu ɗaya da ni ban yarda da shi ba, ko da wasu iyayena za su saɓa mini, shi ne kwanto a mashayar ƙarshe da ta rage a daji. Duk naman yankin dole ya zo nan, mai ciki da mai shayarwa. Wannan ba gwaninta ba ce, shara ce, kuma mai yinta shi zai fara cewa daji ya ƙare.

A wannan tsakanin ku kiyayi abu biyu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Barno a 1969, wani ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Ku bar kamun ɓeraye, kada ku ɗauki mushe ko dabbar da kuka tarar tana layi, ku wanke hannu da sabulu bayan fiɗa, a dafa nama ya dahu. Na biyu maciji, musamman kububuwa, da ke yawaita fitowa farkon ruwa. Sa takalmi mai rufe ƙafa, kada ka zura hannu a rami. Ban raina maganin iyaye ba, Sarkin Dawa, amma dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da shi ta dasashi da ciki. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A garzaya asibitin da ke da allurar maganin dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a kan wannan, amma kowa ya binciki mafi kusa da inda yake farauta tun kafin ranar ta zo.

Akwai masu cewa tunda gida ya yi ƙaranci, sai a tafi nesa, kudu ko ƙetare. Mutanenmu sun daɗe suna yin haka. Amma dukanmu muna tune da ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna dawowa daga jihar Ribas don yin sallah a gida, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kira su masu satar mutane, aka kashe 16. Allah ya jiƙansu. Alhakin jininsu yana wuyan waɗanda suka kashe su, babu wani uzuri. Abin da ya rage mana mu masu rai shi ne mu san irin ƙasar da muke tafiya a cikinta. Sabon shiga bai da abin yi a irin wannan tafiya sai ya shekara biyu ko uku a gida. In lokacin ya yi, a tafi da shugaba, da lasisi, da katin shaida, da takardar ƙungiya, a sanar da Sarkin Hausawan garin da za a sauka da ofishin 'yan sandan wurin. Ƙetare iyaka da makami kuwa wata magana ce dabam. Nijar tana da dokar farautarta ta 1998. A arewacin Kamaru, dazuzzukan da ke kewaye da gandun Benuwe da Faro da Buba Njida an yanka su an ba kamfanoni haya, baƙi masu kuɗi ke zuwa harbi a ciki. Takardar Kano ba ta aiki a can.

Tunda na ambaci wannan, bari in ɗan ratse. A waɗancan dazuzzuka na Kamaru, baƙon yana da bindiga mai tsada, amma ba ya ganin komai sai ɗan ƙasa mai bin sawu ya nuna masa. A Kure ta Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996. Da aka tsare su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi, kuma mutanen ƙauyukan wurin sun ci abinci da raka masu zuwa kallo. Masu gadin gandun daji da na fi jin daɗin aiki da su, tsofaffin mafarauta ne. Ilimin sawun da za ku koya da damina yana da kasuwa fiye da ɗaya.

Malamai suna zaune, ba zan shiga gonarsu ba, sai dai in tuna wa yara abin da aka karantar da mu a Risala. Farauta don abinci ko sana'a halal ce, don wasa kawai makaruhi ce. Ana ambaton sunan Allah lokacin sakin kare ko harbi, kuma karen ya zama horarre, kai ka sake shi. In ka tarar da dabba da sauran ranta, makami bai huda mata makasa ba, sai ka yanka. Abin da ya ɓace maka har ya kwana, ba a ci. Kun ga ko a nan an hana mu harbin da ba za mu iya bin sawunsa ba. Ungulu kuwa, da ake kashewa ana kai kanta kasuwar masu magani har ta kusa ƙarewa a garuruwanmu, ba abinci ba ce, kuma tun da ta ɓace kowa ya ga yadda mushe ke ruɓewa a bayan gari.

Roƙona ga iyayena na sahun gaba: kowannenku ya ɗauki yaro ɗaya cikin waɗannan, ya kai shi wajen manomi ɗaya da ya yarda da shi, kamar yadda aka kai ni wajen mai rake. Ku kuma samari, kafin ruwan farko ya sauka, kowa ya kai karensa allura, ya sayi littafinsa, ya je ya gai da mutum uku masu gona da bai taɓa gaisarwa ba. Wanda bai san ofishin da zai nemi takarda ba, ya same ni a bakin rumfa in an tashi, zan raka shi.